Cinikin Meta ya ƙaru da kashi 26, to me ya kayar da hannun jarinsu?

Ɗan Kwari
Asabar, 1 ga Nuwamba 2025

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san lissafin manyan kamfanoni ya warware min wani abu da ya ɗaure min kai.

Ni nake riƙe da littafin shagon Baba a Kantin Kwari, saboda haka shiga da fita ba baƙon abu ba ne a wurina. Amma rahoton da Meta, masu Facebook da Instagram da WhatsApp, suka fitar ranar Laraba 29 ga Oktoba ya fi ƙarfina. Lissafin watanni uku ne, Yuli zuwa Satumba. Ciniki ya kai dala biliyan 51.24, ƙarin kashi 26 cikin ɗari a kan na bara warhaka. Mutanen da ke buɗe aƙalla ɗaya daga cikin manhajojinsu kullum sun kai biliyan 3.54. Duk ɗan kasuwar da ya ga wannan hamdala zai yi. Sai na gangara ƙasa na tarar ribar da suka rubuta biliyan 2.71 ce kacal, alhali bara a wannan zangon biliyan 15.69 suka ci. Washegari hannun jarin ya zube da kashi 11, daga wajen dala 750 ya koma ƙasa da 670.

Na ji ana cewa kuɗin da suke narkawa a ƙirƙirarriyar basira ne ya razana masu jari, don sun ce bana za su kashe biliyan 70 zuwa 72. In ka mayar da shi naira, ya kusa ninka kasafin gwamnatin tarayya na 2025, kasafin nan na tiriliyan 54.99. Na yarda kuɗin da yawa. Amma a wannan daren dai Alphabet, uwar Google, ta ce ita biliyan 91 zuwa 93 za ta kashe, kuma nata hannun jarin sama ya yi. Ta yaya mai kashe kaɗan ya sha duka, mai kashe da yawa aka tafa masa?

Dalilin tambayar, ina da ɗan abin da na tara daga kason da Baba yake ba ni. Ganin yadda naira ta yi da mu daga 2023 zuwa yau, ina so in ajiye wani ɓangare a abin da ake lissafa shi da dala, kuma akwai manhajojin waya da ake sayen guntun hannun jarin Amurka da su. Wani abokina a layinmu ya matsa min in sayi Meta yanzu, wai ta yi araha. Ni kuwa ba na so in zuba gumina a abin da ban gane kansa ba. Ina ribar ta tafi? Kuma wannan ginin da suke ta yi, wa zai biya kuɗinsa?

Malam Akanta
Asabar, 1 ga Nuwamba 2025

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka kyauta da ka tsaya tambaya kafin ka danna saye.

Faɗuwar ribar daga haraji ta zo, kuma harajin na kan takarda ne. Ranar 4 ga Yuli Trump ya sa hannu a sabuwar dokar haraji. Kafin nan Meta tana ɗauke da wani rangwamen haraji a littafinta a matsayin kadara, wato sauƙin da take sa ran samu a shekaru masu zuwa. Da dokar ta sauya lissafi, sai ya zamana babban ɓangare na rangwamen ba lallai ta ci moriyarsa ba, ƙa'idar aikinmu kuma ta ce irin wannan a goge shi lokaci guda. Abin da aka goge dala biliyan 15.93 ne. Ko sisi bai fita daga banki ba. Hasali ma kamfanin ya ce dokar za ta rage tsabar harajin da zai riƙa biyan gwamnatin Amurka a sauran bana da shekarun gaba. Ka cire wannan, ribar ta zama biliyan 18.64, ta fi ta bara. Masu manyan kuɗi a New York sun san haka tun a daren, ba shi ya sa suka sayar ba.

Abin da ya sa suka sayar yana cikin layukan da ba a cika karantawa ba. Ciniki ya ƙaru da kashi 26, amma ɗawainiya ta ƙaru da kashi 32, ta kai biliyan 30.71. Bara a kowace dala ɗari ta ciniki 43 ke saura bayan an cire ɗawainiya, bana 40. Kuɗin gini da sayen na'urori a watanni ukun nan kaɗai biliyan 19.37 ne, bara biliyan 9.2. Tsabar kuɗin da ya rage a hannu bayan an biya wannan ya sauko daga biliyan 15.52 zuwa 10.62. Sannan Susan Li, shugabar sashen kuɗinsu, ta shaida wa masu jari cewa ƙarin da za a yi a 2026 zai fi ƙarin bana girma sosai. To ka lissafa da kanka. A 2024 biliyan 39.23 suka kashe, bana wajen 71, ƙarin sama da biliyan 30 ke nan. In na baɗi ya fi wannan, an haura biliyan 100.

Ga wani abu da ya kamata mai riƙe littafi kamarka ya lura da shi. Kuɗin na'ura ba ya shiga lissafin riba a ranar da aka saye ta. Rarraba shi ake yi a kan shekarun da aka ƙiyasta za ta yi tana aiki. In ka sayi kwamfutocin biliyan 11 ka ce shekara biyar da rabi za su yi, biliyan 2 za ka riƙa cirewa daga riba duk shekara. Ma'ana mafi yawan abin da Meta ta saya bana bai fara cin ribarta ba tukuna, yana nan tafe a 2026 da 2027 da bayansu, ko na'urorin sun kawo kuɗi ko ba su kawo ba. A Janairun bana ma kamfanin ya tsawaita shekarun da yake ƙiyasta wa wasu kwamfutocinsa zuwa biyar da rabi, ya kuma ce hakan zai rage masa wajen biliyan 2.9 daga abin da zai cire a 2025. Wannan bai saɓa doka ba, a fili suka faɗa. Amma ka san cewa ribar da kake gani tana ɗauke da wannan ƙiyasin a cikinta.

Batun Google kuwa, ka duba Kwari ɗinku. Akwai Alhajin da ke gina filaza alhali 'yan haya sun riga sun rubuta suna sun ba da kafin alƙalami, akwai kuma wanda ke gina ƙaton sito don kayan da yake fatan zai shigo da su wata rana. Dukkansu siminti suke saye, amma ba kallo ɗaya banki zai yi musu ba. Google tana ba wasu kamfanoni hayar kwamfutocinta ta intanet. Wannan sashen ya yi cinikin biliyan 15.16 a zangon, ƙarin kashi 34, kuma kwangilolin da aka sa wa hannu ba a kai ga cikawa ba sun kai biliyan 155. Amazon ma da ta fitar da nata ranar Alhamis, sashen hayarta ya ƙaru da kashi 20, hannun jarinta ya tashi. Meta ba ta da irin wannan sashe. Duk abin da ta gina, ita kaɗai ce 'yar hayar kanta. Amsar Zuckerberg, shugaban Meta, ita ce gara ya gina da wuri kuma da yawa: in basirar da ta zarce ta ɗan Adam ta zo da wuri, ya shirya, in ta yi jinkiri, zai juya na'urorin ga harkar talla, in abin ya ƙi, ya rage gini na ɗan lokaci.

Masu jari sun taɓa jin irin wannan daga bakinsa. A 2021 ya sauya wa kamfanin suna saboda duniyar gilashin ido da ya yi imani da ita. Sashen da ke wannan aikin, Reality Labs, ya yi asarar sama da biliyan 70 daga ƙarshen 2020 zuwa yau, kuma a zangon nan ma asarar biliyan 4.43 ya yi a kan cinikin miliyan 470. A Nuwamban 2022 hannun jarin ya sauko ƙasa da dala 90, aka sallami ma'aikata 11,000. Gaskiya ne wanda ya saya a lokacin ya ci riba mai yawa, abokinka wataƙila wannan yake tunawa. Sai dai a wancan karon abin da ya farfaɗo da farashin shi ne rage kashe kuɗi, yanzu kuwa ƙari aka yi alkawari. Kuma babu mai iya tilasta masa ya tsaya, domin irin hannun jarin da yake riƙe da shi ƙuri'a goma ne kowane ɗaya, sama da rabin ƙuri'un kamfanin a hannunsa suke.

Ba zan ce maka saya ko kar ka saya ba. Amma abin da ya sauko daga 750 zuwa 670 ba shi ke nan ya yi araha ba. Araha sai an auna da ribar da ke tafe.

Maman Hanan
Lahadi, 2 ga Nuwamba 2025

Yaya Akanta, Allah ya ƙara basira, na ƙaru sosai. Amma ina ganin ka ɗan rage musu mudu da ka ce ba su da 'yan haya. Mu ne 'yan hayar. Ni ban san komai game da hannun jari ba, turaren wuta da humra nake sayarwa daga gida a Kaduna, kuma rabin kwastomomina ta Instagram suka san ni. Cikin biliyan 51.24 ɗin nan, biliyan 50.08 kuɗin talla ne, har da 'yar nairata da nake biya tare da harajin kashi 7.5.

Da can in zan sa talla sai na zauna na zaɓi gari da shekaru da jinsi, in ce mata, Kaduna da Abuja da Kano. Yanzu bidiyon kawai nake ɗorawa in faɗi abin da zan iya kashewa, in bar na'urar ta nemo mutanen da kanta. Sai ki ga saƙo ya faɗo WhatsApp daga Fatakwal, wata amarya tana son kayan gyaran ɗaki, garin da ni ba zan taɓa tunanin sa shi a jeri ba. Wannan ai ita ce basirar da ake magana, kuma ta riga ta fara kawo musu kuɗi.

Akwai lambobi biyu a rahoton da ni suka fi ɗaukar hankalina. Yawan tallan da aka nuna wa mutane ya ƙaru da kashi 14, farashin kowane talla kuma ya ƙaru da kashi 10. Duk mai sana'a ta san in kaya suka yi yawa farashi sauka yake yi. In kaya sun ƙaru kuma farashi ya tashi, to masu saye suna ganin amfanin abin ne. Ni dai ba don son Zuckerberg nake biya ba, ranar da saƙo ya daina shigowa ranar zan daina. Ya kuma ce gyaran da suka yi wa tsarin da ke zaɓo wa mutum bidiyo ya sa lokacin da ake ɓatawa a Facebook ya ƙaru da kashi 5. Ga mai mutum biliyan uku da rabi, kashi 5 ba wasa ba ne.

Wani abu kuma da nake so 'yan'uwa su sani ko ba su da niyyar sayen komai: kamfanin ya sanar cewa daga 16 ga Disamba zai fara amfani da hirar da mutum ya yi da Meta AI, wato basirar nan mai alamar shuɗin zobe a manhajojinsu, wajen zaɓar tallan da zai nuna masa. An cire Tarayyar Turai da Birtaniya da Koriya ta Kudu, mu ba a cire mu ba. A matsayina na mai talla wannan zai taimake ni. A matsayina na uwa kuwa na riga na zaunar da 'ya'yana na ce kada wanda ya kai wa shuɗin zoben nan sirrin gida ko na rashin lafiya.

Injiniya Sabon Gari
Lahadi, 2 ga Nuwamba 2025

Hajiya, gaskiyarki a kan talla, babu mai musun cewa yana aiki. Inda na rabu da ke shi ne, basirar da ke nemo miki amarya a Fatakwal ba ita ce ke cin mafi tsadar kuɗin nan ba. Wannan tsarin sun daɗe suna gina shi, tun bayan da Apple ta toshe musu bibiyar masu iPhone a 2021, abin da su da kansu suka ce zai ci musu wajen biliyan 10 a 2022. Sabon ginin na wata tsere ce daban, tseren da suke yi da OpenAI, masu ChatGPT, da Google.

Kuma a wannan tseren ba su ne a gaba ba. Llama 4, samfurin basirarsu da suka saki a Afrilu, bai burge masu harkar ba, babban samfurin da suka yi alkawari kuma aka ɗage shi. Shi ya sa a Yuni suka biya biliyan 14.3 suka karɓi kashi 49 na kamfanin Scale AI, mai shirya bayanan da ake horar da basirar da su, suka ɗauko shugabanta Alexandr Wang ya jagoranci sabon sashe, suka shiga zawarcin masu bincike daga wasu kamfanoni da albashi na fitar hankali. A Oktoban nan kuma suka sallami wajen mutum 600 daga ɓangaren basirar. Wanda ya san inda ya dosa ba ya yawan sauya direba haka.

Aikina kula da na'urorin sadarwa ne, to bari in faɗi abin da na sani game da ƙarfen kansa. Suna gina cibiya a Ohio mai suna Prometheus da za ta ja wutar megawat 1,000, ana sa ran ta fara aiki a 2026. Ta Louisiana, Hyperion, an tsara za ta iya kaiwa megawat 5,000, kwatankwacin abin da babban layin wutar Najeriya gaba ɗaya yake rabawa a rana mai kyau. Kamfanin wutar yankin, Entergy, sai da aka amince masa ya gina sabbin tashoshin gas uku saboda ita. Ginin da wayoyin wutar za su yi shekaru. Amma abin da ya fi tsada a ciki, wato ƙwaƙwalen kwamfuta na kamfanin Nvidia, ba ya jimawa yana kan gaba. Samfurinsu A100 ta fito a 2020, H100 a 2022, Blackwell a 2024, yanzu kuma Nvidia ta ce duk shekara za ta riƙa fitar da sabuwa. Tsohuwar ba mutuwa take yi ba, amma wutar da take sha ta fi aikin da take yi in an gwada da sabuwa. Shi ya sa shekara biyar da rabin da Malam Akanta ya ambata take damuna.

Masu kare wannan kashe kuɗi sukan kawo misalin wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1990. Kamfanoni irin su Global Crossing sun karye a 2002, amma wayar ta zauna a ƙarƙashin teku duniya ta ci gaba da amfana. Haka ne. Sai dai masu hannun jarin kamfanonin ba su ne suka amfana ba, kuma wayar gilashi tana shekara ashirin tana aiki, ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta yi.

Ɗan Kwari, ka kuma duba yadda ake biyan kuɗin. Washegarin rahoton Meta ta sayar da takardun bashi na biliyan 30. Hyperion kuma da kamfanin zuba jari Blue Owl Capital suka haɗa hannu, aikin biliyan 27, Blue Owl na da kashi 80, Meta 20, sannan Meta ta karɓi hayar wurin tare da lamunin cewa in darajarsa ta faɗi za ta cike giɓi. Bashin ba a littafinta yake ba, amma nauyin yana wuyanta. Kamfanin da aka san shi da tsabar kuɗi ya fara wannan, dole mai jari ya buɗe ido.

Ɗan Kwari
Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane maganar harajin, na kuma gane bambancinsu da Google. Hajiya, bayaninki na farashin talla ya zauna min, don mu ma a shago yara sun fara ɗora shadda da atamfa a Instagram kuma ana kira.

Amma maganar bashin da Injiniya ya kawo ta taso min da wata tambayar da ta fi ta farko nauyi a wurina. Takardun bashin nan ai da ruwa ake biyansu. In na sayi hannun jari na zama ɗaya daga cikin masu kamfanin ke nan, komai ƙanƙantar rabona. Malam Akanta, yaya masu tantance halaccin hannun jari suke kallon irin wannan? Baba ba zai tambaye ni nawa na ci ba, wannan zai fara tambaya.

Malam Akanta
Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Fatawa ta malamai ce, ƙanena, ni lissafin kawai zan ba ka ka kai musu.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi na hukumar AAOIFI ne da ke Bahrain. A taƙaice, asalin sana'ar kamfanin ta zama halal, bashinsa mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin da ya ajiye a inda ake ba da ruwa shi ma kada ya wuce kashi 30, sannan abin da ke shigo masa ta haramtacciyar hanya kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shiga, kuma mai hannun jari ya fitar da wannan kason daga rabonsa ya bayar.

A ƙarshen Satumba bashin Meta na dogon zango biliyan 28.83 ne. Ka ɗora sabon biliyan 30, ya kusa 59. Darajar kamfanin a kasuwa ko bayan faɗuwar nan ta haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, saboda haka bashin bai kai kashi 4 ba. Ta wannan fuskar da sauran tazara mai yawa, ko da ka haɗa da nauyin Hyperion. Inda maganar take da wuya shi ne kuɗin tallan kansa. Cikin masu biya akwai irin su Hajiya, akwai kuma masu giya da caca da bankunan ruwa, kuma kamfanin ba ya rarraba cinikinsa ta wannan hanyar a rahoto. Shi ya sa masu tantancewa suke saɓani a kan kamfanonin talla. Wannan gaɓar ita za ka kai wa malamin da ya san mu'amalar zamani, ba ta bashin kaɗai ba.

Ka kuma san cewa rabon ribar da suke bayarwa ɗan kaɗan ne, senti 52.5 a kan kowane hannun jari duk wata uku, kuma Amurka tana cire kashi 30 daga ciki kafin ya iso ga ɗan Najeriya, don babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu. Duk wanda ya saya, tashin farashi yake jira.

A ƙarshen Janairu za su fitar da rahoton zango na huɗu, a nan ne za su faɗi adadin da za su kashe a 2026 da lamba. Ni abin da zan duba shi ne ko ɗawainiya ta ci gaba da gudu fiye da ciniki, da abin da ya rage na tsabar kuɗi bayan gini. Wata uku ba za su ƙare maka komai ba. In ya fito ka ɗora shi a nan mu bi shafin tsabar kuɗin tare, Injiniya kuma ya duba mana ko sun sake taɓa shekarun kwamfutocin.